Ramuwar Azumin Suhaibu

Tudun Kaya, Ƙaraye.
Laraba.

Zuwa ga 'yata Murja,

Ina gargaɗinki tun kafin gaisuwa: kada ki ninke takardar nan sai kin kai ƙarshenta, kuma kada ki kira ni kina kuka. Hawayenki ba zai wanke ƙodar ƙanenki ba.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Abdulmutalib da yara da mutanen Rogo baki ɗaya. Mu nan sai godiyar Allah. Jiya aka sallamo Suhaibu bayan kwana tara a asibiti a Kano.

Kwana huɗu kacal na bar miki shi, na tafi Kurugu jinyar kakarku. Na nuna miki jarkar da na ja wa layi, na ce kullum sai ya sha ruwa zuwa nan. Na dawo na tarar da jarka daidai, yaro kuwa ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ɗauke. Sai a gaban likita ya faɗi gaskiya. Ashe ramuwar azumi yake yi, ke kike dafa masa sahur, ruwan kuma a gindin zogale kike juyewa don kada in gane. Zogalena ya yi kore shar, ɗana yana bushewa!

Na yi sakandare, ke ma kin yi, don haka ki saurari abin da likitar ta zana mini a bayan katinsa. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai dogon zare na gado, naɗe a kan wasu sinadarai da ake kira histon, kamar zare a kwarkwaron keken ɗinkina. Maganin sankarar jini da ake ɗura masa yana fizge kwarkwaron, zaren ya warware ya cukurkuɗe, ƙwayar cutar ta mutu. Abin da muke roƙo ke nan. Amma matattun ƙwayoyin ba ɓacewa suke yi ba. Fashewa suke yi, histon ɗin da sauran dattinsu su zube cikin jini, ƙoda ce za ta tace, kuma ba ta iyawa sai da ruwa. Wato a kwanakin da magani ya fi cin cutar, a nan kuka rufe masa baki tun asuba har magariba.

Na san abin da za ki ce. Ya roƙe ki, ya ce yana tsoron ya mutu da azumi talatin a wuyansa. Murja, yaro ɗan shekara goma sha takwas ya faɗa miki wannan magana, sai ki ɗora tukunya? Allah da kansa ya ɗauke wa marar lafiya. Kin fi Shi sanin abin da ya dace ne? Ba tausayi kika yi ba, kunyar ce masa a'a kika ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni bai taɓa faɗa mini ba. Kullum yana kallona ina azumin Litinin da Alhamis, ina ta yabon masu yi a gabansa. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Yanzu an ɗage ƙarin maganin da mako biyu. Idan ƙodar ba ta farfaɗo ba, rage shi za a yi, cutar kuma ba jiran kowa take yi ba.

Ga dokar da na kafa, mahaifinku ya amince, Malam Hamma liman ma ya zo ya faɗa wa Suhaibu da bakinsa. Daga yau babu mai azumin nafila ko ramuwa a gidan nan, har da ni da na shekara ashirin ban fasa ba, sai ranar da likita ta ce ya iya. Duk wanda ya shigo da rana, kafin ya zauna, zai karɓi moɗa ya sha ruwa a gaban Suhaibu. Wanda ke azumi ya gaishe mu daga zaure. Ranar Asabar ina jiranki kafin azahar, ke za ki fara.

Ki gaishe da jikokina. Allah ya shirye ki, ya ba ƙanenki lafiya.

Wassalam.
Mahaifiyarki,
Hajo Sanusi.