Baba, Inna Ta Zaɓi Jirgi

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba mai jirgi, Yawuri.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi da biyayya, ina fatan Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin haske da yalwar makwanci. 'Yarka ce Rabi, daga Dubai.

Baba, shekara biyu da 'yan watanni ke nan da rasuwarka, sai yau na iya zama in rubuta maka har ƙarshe. Na san ba za ka karanta ba, na kuma san masu bin shafina za su karanta. Ba komai, su saurara. Labari ne ya cika min baki, kuma kai ne wanda ya fi kowa cancantar jin sa: ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda, ni da Inna za mu shiga teku. Kwana huɗu a kan ruwa, daga Dubai zuwa Maskat ta ƙasar Oman, mu biyo ta garin Khasab mu dawo. Tun jiya nake buɗe tikitin a waya ina rufewa, har abokan aikina a ɗakin gwaje-gwaje suka tambaye ni ko aure zan yi.

Ka tuna duk Juma'a in na kira ka, ba ka tambayar albashi, ba ka tambayar dogayen benaye. Jirage kake tambaya. Da wane itace ake sassaƙa su, mutum nawa suke ɗauka, injinsu a ciki yake ko a baya. Na taɓa turo maka bidiyon abra, ƙaramin jirgin katakon nan da ke tsallakar da mutane daga unguwar Deira zuwa ɗaya gefen ruwan. Ƙanena Sani ya ce sau shida ka sa ya maimaita maka, sannan ka ce a gaya min matuƙin ya iya, amma yana shigowa gaɓa da gaggawa. Na yi maka alkawarin za ka zo ka gaya masa da bakinka. Fasfo ɗinka ya fito, kai kuma Allah ya riga ya yi nasa hukuncin.

Inna ta zo watan jiya. Tana nan tare da ni a unguwar Al Muraqqabat, ta mamaye kicin, maƙwabtanmu 'yan Filifin sun fara sanin ƙamshin daddawa. A satinta na biyu na kai ta kasuwar Naif ta sayi takalma da jakunkuna na jikoki, da muka gama na ce mu tsallaka da abra ta sha iska. Na miƙa mata hannu saboda gwiwarta. Ko kallon hannun ba ta yi ba. Ta taka ta shiga kamar ɗakinta, ta zauna, jirgin ko motsi bai yi ba. Ni ce na shiga a duƙe ina riƙon ƙarfe. Da muka kai tsakiya ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ce, "Wannan ai kududdufi ne aka yi wa ado. Ina ruwan gasken yake?"

Washegari bayan na tashi aiki na shiga ofishin wata ejan ta tafiye-tafiye kusa da tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, wata Ba'indiya mai haƙuri. Ta ce lokacin sanyi ne, jirage sun cika gari, ta ba ni takardu uku masu hotuna.

Na farkon, Baba, da ka gan shi da ka cire hula. Hawa goma sha wani abu, da lif, da asibiti, da wuraren wanka, da gidajen abinci da ba za ka iya zagaye su a mako guda ba. Ejan ta ce in kana ciki ba za ka ma san a kan ruwa kake ba. Wannan maganar ce ta shige ni. Na biyu tsohon jirgi ne, bai kai rabin wancan ba, kwana huɗu yake yi yana bin gaɓa, abincinsa halal, akwai ɗan ɗakin salla, wasu ɗakunan kuma suna da baranda ƙasa-ƙasa kusa da ruwa. Na uku jirgin katako ne irin na Larabawan da, a Khasab can ƙasar Oman, ana shimfiɗa darduma a kwana a sarari tsakanin duwatsu.

Na baje mata su a kan tabarma bayan la'asar. Ta sa tabarau, ta ture na farko, ta ture na biyu, ta ɗora yatsa a kan na katako.

Nan na fara wa'azi. Na ce gwiwarta ba za ta iya hawa katakon shiga ba, bayan gidansa ɗan ƙarami ne, maza da mata a sarari ɗaya ake kwana, babu likita. Na kira Sani a Kaduna na tsara masa maganar yadda nake so, shi ma ya turo saƙon murya mai tsawo yana cewa a hau babban don Allah. Kwana biyar ina nuna mata bidiyon babban jirgin, ga fitilu, ga masu dafa abinci da dogayen huluna. Tana kallo tana tsinke zogale. A rana ta shida ta ce ita ba ta sayen akuya a hoto, in kai ta ta ga jiragen da idonta.

Ranar Juma'a da yamma muka ɗauki tasi zuwa wajen tashar manyan jirage. Ba a shiga sai da tikiti, amma direban ya san wani wuri da ake hango su. Muka yi sa'a, babban jirgin da na biyun duk suna nan. Babban ya tsaya fari fat, ya tare rabin sama. Na biyun yana gefensa kamar ɗan rakiya. Inna ta daɗe tana ɗaga kai, har mayafinta ya zame. Ta ce, "Wannan ba jirgi ba ne, unguwa ce. Wanda ke can sama, ta ina zai ji ruwa?"

Na sake ɗauko zancen gwiwa. Sai ta juyo ta dube ni. Ka san ba ta kiran sunana, har yau kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, gwiwata ce ke ciwo, ko cikinki ne ya ɗuri ruwa?"

Baba, gaskiya ta faɗa. Ni 'yar mai jirgi, shekara talatin da huɗu, ban iya iyo ba. Kai ka hana mu kogi. Ka ce 'ya'yanka boko za su yi, ba za su gaji filafili ba. Ranar da ka kama Sani yana wanka a bakin tasha, har gida ka koro shi ba ka ce masa uffan ba, kuma shirun nan ya fi duka tsorata mu. Shekara shida ina garin nan na bakin teku, ban taɓa barin ruwa ya wuce idon sawuna ba. Babban jirgin nake so don in je teku ba tare da na gan ta ba, na fake da gwiwar tsohuwa.

Muka samu benci, na sayo mana shayin madara da suke kira karak a ƙananan kofuna. A nan Inna ta ba ni labarin da ba ka taɓa ba mu ba.

Ta ce lokacin da ka zo Yawuri daga Kontagora, dakon albasa kake yi, ba ka taɓa shiga jirgi ba. Ranar da aka fara tsallakar da kai da buhuna, a kwale-kwalen mahaifinta ne, ita ce a baya da filafili, tana 'yar shekara goma sha biyar. Ta ce da jirgin ya bar gaɓa sai ka kwanta rub da ciki a kan albasa kana salati, ita kuma dariya ta kusa sa ta yar da filafilin. Bayan mako guda ka dawo ka durƙusa gaban mahaifinta ka ce a koya maka. Tsohon ba shi da lokaci, ya haɗa ka da ita da yayanta. Ita ta koya maka riƙon filafili, ita ta koya maka gane inda yashi yake da inda rami yake daga launin ruwa.

Na ce, "Inna, shekara talatin da huɗu ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta ce, "Ba a faɗa wa 'ya'ya irin wannan ubansu na raye. Shi ake kira mai jirgi, kuma ya ci sunan." Ta kurɓi shayi, ta ƙara da cewa har ka koma ga Allah ba ka daina tsoron ruwa ba, shi ya sa kullum sai ka tsaya a gaɓa ka yi addu'a kafin ka taka jirgi, shi ya sa kuma ba ka taɓa kifar da kowa ba.

Na yi kuka a kan bencin nan, Baba, na kuma yi dariya, don na kasa daina hango ka a kan albasa. Ka yafe min. Ban taɓa jin kusanci da kai kamar ranar ba. Ashe abin da nake ɓoyewa ina jin kunyarsa, gadonka ne.

Da muka natsu ita ta yanke magana. Ta ce na katakon ta haƙura da kwana a cikinsa, don zancen gwiwar akwai gaskiya a ciki ko da ba don Allah na faɗa ba. Babban kuma a bar wa masu son kasuwa. Ta nuna na biyun da haɓa ta ce wancan jirgi ne, yana da fuskar jirgi. Amma da sharaɗi biyu. Ɗakinmu ya zama a hawa na ƙasa mai baranda, kuma a ɓangaren da zai fuskanci tudu in muna tafiya, domin ruwan da babu gaɓa a gefensa ba shi da daɗin kallo. Da na kai wa ejan wannan bayani sai ta ajiye biro ta tambaye ni ko mahaifiyata ta taɓa aiki a jirgi. Na ce mata e, tun kafin a haife ni. Ta kuma gaya mana cewa a Khasab jirgin zai tsaya wuni guda, ana fita da ƙananan jiragen katako a shiga tsakanin duwatsu, har dabbar ruwan nan dolfin ke bin su. Na nuna wa Inna hoton dolfin, ta ce wannan ai ɗan'uwan ayu ne da ya yi boko.

Saura biza. Da irin fasfonmu sai an nemi izinin shiga Oman, ita kuma Inna sai an canza mata zuwa bizar da za ta bar ta ta fita ta dawo. Kwana tara muna jira. Duk ƙarar da waya ta yi sai in duba, Inna kuwa har ta wanke kayan tafiya ta goge. Jiya da hantsi ina tsakiyar aiki saƙon ejan ya shigo, kalma biyu kawai na Larabci, khalas, mabruk, wato an gama, barka. Na fita baranda na kira Inna, ta ce alhamdu lillahi, sannan ta ce in biyo da man zafi da ƙullin goro.

Akwai abu ɗaya da ya rage in gaya maka, ina fatan ba za ka yi fushi ba. Na karya dokarka. Akwai wani bakin teku a nan da ake ware wa mata rana guda a mako, ranar Litinin da ta wuce Inna ta ce yalla, wato mu je, kalmar da ta tsinta ke nan a garin, muka tafi. Ta shiga da doguwar riga da wando har ruwa ya kai mata ƙirji, gwiwar da nake ta yi wa kuka ko tunawa da ita ba ta yi ba. Ta ce in kwanta rigingine, ta sa tafin hannunta a bayana. Na ƙanƙame wuyanta, na sha ruwan gishiri har sau biyu. Ta ce in saki jiki, in kalli sama, in yi numfashi kamar mai barci. Na rufe ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Can na ji muryarta daga ɗan nesa tana cewa in buɗe ido. Tana tsaye taku uku daga inda nake, hannayenta biyu a naɗe a ƙirji. Ban san lokacin da ta janye ba.

A mota muna dawowa, kanmu a jiƙe, ta ce kai sai da ka yi kwana tara kafin ka yarda ta saki. Ta faɗa tana kallon taga, tana murmushi, kuma na ga ba da ni take murmushin ba.

To Baba, ga mu nan za mu tafi. Zan tsaya a bakin tasha in yi addu'a kafin in taka, ba zan ji kunyar kowa ba. Ya Allah ka jiƙan mahaifina Garba, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da alheri a kan kowane rai da ya tsallakar lafiya. Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ka ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ka kai mu lafiya ka dawo da mu lafiya, ka haɗa mu da shi a inda babu tsoro. Amin.

Ka huta lafiya, Baba.

'Yarka mai ƙaunarka,
Rabi
Al Muraqqabat, Dubai