Jar Riga a Kan Sanda

Litinin, 12 ga Agusta
Dila ya sake kashe 'yan raguna uku a rugarmu ta kan dutse. Ntate, wato Baba a yarenmu, ya ce ranar Asabar zai hau ya harbe shi. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Hunturu muke ciki a nan kudu, rediyo kuma ya ce dusar ƙanƙara na tafe.

Talata, 13 ga Agusta
Ba zan iya hana shi ba, don haka zan shirya shi. Na rubuta jerin kaya kamar yadda nake tsara shafi lokacin da nake aikin jarida a Maseru, babban birni: safar ulu huɗu, ashana cikin kwalba, tocila, busasshen nama, garin masara. Ban da auduga. Na karanta a wuri uku cewa in ta jiƙe da gumi ita ke kashe mutum, ba iska ba.

Alhamis, 15 ga Agusta
Na sauka garin Mokhotlong na sayo rigar sanyi ta leda, ja wur, wadda za a hango daga nesa. Ntate ya murza hannunta kusa da kunnensa. Wai dila zai ji ƙararta tun daga Natal, can tsallaken iyaka, kuma tartsatsi ɗaya zai huda ta. Ya yafa tsohon bargonsa mai ruwan toka, ya soke fil a kafaɗar dama don hannun bindiga ya sake.
"Edita, wannan bargon ya girme ka, kuma bai taɓa buga ƙarya ba."
Yayata Mpolokeng ta yi dariya har da riƙe ciki.

Juma'a, 16 ga Agusta
Ulu na riƙe ɗumi ko ya jiƙe. Wannan na yarda. Amma mai bargon toka in ya faɗi tsakanin duwatsu, dutse ne shi ma.
Mun daidaita. Ba zai sa rigar ba, amma za ta tafi cikin jakar sirdi. In abu ya ɓaci, shi ko makiyayinmu, tsoho Ntate Phafoli, su ɗaura ta a dogon sanda gaban bukka. Daga bayan makarantarmu ana hango rugar da madubin hangen nesa. Ya ce to, da wani ɗan murmushi da ban gane ba.

Asabar, 17 ga Agusta
Ya hau da hantsi. Na ƙara safa biyu bai sani ba.

Lahadi, 18 ga Agusta
Dusar ƙanƙara tun azahar. Wayarsa ba ta shiga, dama can ba ta shiga a sama.

Litinin, 19 ga Agusta
Ba a ganin dutsen. Na je bayan makaranta sau biyar.

Talata, 20 ga Agusta
Gari ya washe. Ƙarfe tara da kwata na ga ja a kan sanda.
Na shigo da gudu. Mpolokeng ta karɓi madubin ta duba, sai ta ce, "Lallai tsofaffin nan sun samu nama." Maƙwabta ma haka suka ɗauka, har wani na tambaya ko za a sauko da cinya.
Sai a lokacin na tuna: a nan, tuta a kan sanda tallar abin sayarwa ce. Farar tuta giyar dawa, kore ganye, ja nama. Yaron goye ya san wannan. Shekara ashirin ina gyara kuskuren wasu, na zaɓi launi ɗaya tilo da duk mai ganinsa zai ce an yi yanka. Murmushin ke nan. Ya sani, ya ƙyale ni.
To wanne ne? Ko sanyi ya kashe tumaki suna neman masu saye, ko yana tsokanata, ko kuwa yarjejeniyarmu ce. Mpolokeng ta daina dariya da na gaya mata.
Awa biyar ne a doki in hanya ta yarda. Maza biyu za su raka ni. Jaket ɗina na Maseru na rataye a ƙusa. Na ɗauki bargon Ntate na biyu, don dai ya fi kusa da hannu. Mpolokeng ta juya mini shi, wai na sa ratsinsa a kwance kamar baƙo, alhali a tsaye ake sa shi, ta soke fil ɗin a dama.
Na sake dubawa kafin a ɗaura sirdi. Tutar na nan. Hayaƙi daga bukkar ban gani ba tukuna.