Turare a kan mai jin zafi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Mu nan Andarai lafiya, in ban da ni.

Zufa da rashin barcin nan, Gwaggo ta nace iskoki ne. Tun dashen albasa take lulluɓe ni da bargo tana yi mini turare, ni da jikina ke ci kamar wuta. Likita a Jega ta ce al'ada ce ke shirin ɗaukewa, kuma akwai maganin da ake farawa tun yanzu. Mijina ya hana, wai na hana haihuwa ne. Ni da ke goyon jika, wace haihuwa ta rage?

Ki kira shi, yana jin maganarki. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Gwaggo kuwa, jiya na watsa wa garwashinta ruwa.

Ƙanwarki