Nonon Da Aka Ce In Busar

Litinin, 2 ga Oktoba
Sakamakon jini ya fito. Likita Narmin ta ce sinadarin da ke kawo ruwan nono ne ya yi mini yawa. Jikina ya ɗauka goyo nake yi, shi ya sa al'ada take ɓacewa, ciki ya ƙi shiga. Shekara tara ina ɓoye tabon nono a riga, ni da ko ɓari ban taɓa yi ba! Akwai ƙwayar da ke busar da shi. "In ya ƙafe, akwai sa rai. Amma kin kusa arba'in, ban da wasa." Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwata a birnin Asyut kafin in fara sha.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Midhat ya sayo ƙwayar tun yanzu, har da kek ɗin basbusa. Rabon da in ga mijina yana dariya haka, na manta.

Asabar, 14 ga Oktoba
Ibtisam, matar ƙanin Midhat, ta rasu wajen haihuwa. Yaron ya rayu. Inna lillahi.

Talata, 17 ga Oktoba
Hoton lafiya lau, yau ya kamata in fara. Amma jaririn, Badar, duk madarar gwangwanin da aka ba shi sai ya amayar. Kukansa ma ya dushe. Surukata ta ɗora mini shi a cinya.
"Ke 'yar nan, wa ke shanya wanki a gidan nan? Kin ɗauka ban ga tabon rigunanki ba?"
Midhat ya ce, "Mama, maganin fa?"
"Magani ba ya kuka."
Badar ya kama nonon. Wallahi da zafi. Na ji haushinta, na ji haushin kaina.

Laraba, 1 ga Nuwamba
Nonon ya ƙaru. Surukata ta ce tuni Badar ya sha ya ƙoshi sau biyar, a shari'a ni uwarsa ce. Likita kuwa faɗa ta yi: ba a haɗa ƙwayar da shayarwa, duk watan da na shayar daga lokacina ake cirewa. Tsoro nake ji.

Juma'a, 24 ga Nuwamba
Jiya wajen rigakafi aka ce, "Ina uwar Badar?" Na miƙe kafin in yi tunani.
Ƙwayar tana cikin aljihun tebur. Na ce wa Midhat zan fara sha zuwa wata mai kamawa. Bai tambaye ni wanne ba.