Jitocin Abdulsalam

Harra ta Yamma, Madina
4 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Ƙaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya, na fita takaba, na koma aiki a kantin magani.

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki tun rasuwar Abdulsalam. Kin san jitocinsa guda huɗu, tsofaffin nan na lantarki masu tudun gaba, cikinsu fanko kamar ƙwarya. Shekara ashirin ya yi yana tara su. Babbar cikinsu ƙirar 1956 ce, daga hannun wani tsoho a Alƙahira ya samo ta, yana kiranta Zuma saboda launinta. Duk Alhamis in ya dawo daga wurin aikinsa a Yanbu sai ya rufe ɗaki, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya rage lasifika ƙasa ƙasa don kada maƙwabta su ji. Bai taɓa rasa jam'i saboda su ba.

Kwana uku da kai shi maƙabartar Baƙi'a, abokin aikinsa Injiniya Ɗayyabu ya tsaya a ƙofar falona, mata cike, ya ɗaga murya ya ce muddin kayan kiɗan nan suna gidan, mamacin ba zai samu sauƙi a kabarinsa ba. Ya ce in ba shi ya kai bayan gari ya ƙona. Kowa ya zuba mini ido. Da hannuna na miƙa masa akwatunan, 'yata Hibatullahi tana riƙe da na ƙarshe tana kuka. Wata huɗu na yi ina tunanin ana azabtar da mijina.

Shekaranjiya Hiba ta kawo mini wayarta. Kin san ta, da Hausa ake yi mata magana, da Larabci take amsawa, amma ranar da Hausa ta ce mini ga jitar Baba. Bidiyo ne a wani shafi na masu tara tsofaffin jita, an ɗora shi wata guda da ya wuce. Ba a nuna fuska ba, hannu kawai. Zuma ce, ga tabon da ke kusa da hudarta, inda Hiba ta buga mata cokali tana yarinya. Ƙaramin yatsan mai kaɗawar kuwa guntu ne. Duk Madina mutum ɗaya na sani da inji ya cinye wa wannan yatsa: Ɗayyabu.

Ban yi kuka ba, Yaya. Na gama kuka. A gaban mutane ya tozarta Abdulsalam, a gaban mutane zan rama masa.

Ki gaishe da Inna, kada ki faɗa mata.

Ƙanwarki,
Hannatu

19 ga Rajab

Yaya Ƙaltume,

Sallama da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin Nadiya ya sauka. Saƙonki ya iso, na karanta inda kika ce in bar wa Allah. Na bar masa na lahira. Na duniya kuwa ina so in gani da idona.

Kin ce in kira Ɗayyabu a asirce in karɓi kayan. Da kayan kawai nake so, da tuni na yi haka. Ai har yau akwai matan da in an ambaci mijina sai su yi ƙasa da murya, kamar wanda ya mutu a kan abin kunya. Shi kuma Ɗayyabu shi ake turawa gaba ya ja salla a duk taron 'yan gida.

Juma'a mai zuwa 'yan Najeriya na Madina da Yanbu za su haɗu a wata gonar dabino a Badar. Na kira shi jiya, na sassauta murya. Na ce ina so in gode masa a gaban dattawa kan taimakon da ya yi wa mamaci, sai dai ya zo mini da abin da wuta ta bari, tunda ƙarfe ba ya ƙonewa, don hankalina ya kwanta. Ya ce insha Allahu.

Ba shi da abin da zai kawo. Zan bar shi ya gama kame-kame, sannan in fito da bidiyon. Tun da na ajiye wayar nake cin abinci da daɗi.

Taki,
Hannatu

28 ga Rajab

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da kowa na gida. Jikina lafiya.

An yi taron. Bayan la'asar na je bakin rumfar maza na yi sallama, na roƙi Dokta Zakiru, dattijon da ke shugabantar taron, ya ba ni minti biyar. Ɗayyabu ya tashi ya nufi motarsa. Na ɗauka gudu zai yi, sai ga shi da buhu. Ya zazzage a kan tabarma.

Zuma ce, Yaya. Wuyanta a karye, cikinta a farfashe, an babbaka gefe guda. Tsoro ya sa ya fasa ta don ya samu abin nunawa. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Amma ban fasa ba. Na miƙa wa Dokta Zakiru wayar, na ce ya duba ranar da aka ɗora bidiyon, ya dubi yatsan. Shi kuma ya ɗauki guntun katakon ya shinshina, ya ce wannan wutar ba ta wuce kwana uku ba. Waya ta zaga hannu hannu, sautin Zuma yana tashi, ita kuma tana zube a gabansu. Ɗayyabu ya ce Shaiɗan ne. Na ce masa: “Injiniya, ka ce ana azabtar da mijina saboda ya mallake ta. Kai da ka sace ta daga hannun marainiya, me kake jira?” Da magariba ta yi, wani aka tura gaba.

Washegari aka kawo sauran ukun, lafiyarsu ƙalau. Matar Ɗayyabu, Najwa, ta biyo baya tana kuka, wai ba ya iya fita ko masallacin unguwa, in yafe. Na ba ta shayi da dabino, na raka ta har ƙofa, ban ce na yafe ba.

Hiba ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Da ta buɗe baki cewa ta yi da na bi shawararki, da yanzu Zuma tana nan. Gaskiya ta faɗa, ban musa ba. Na tattara guntayen na jera a akwatinta, kowane a inda ya kamata ya zauna, na rufe.

Na tambayi kaina ko da na san haka za ta ƙare zan fasa. Yaya, ba zan fasa ba. Jiya mata uku suka zo gidan nan, suka ambaci Abdulsalam da cikakkiyar murya, suka yi masa addu'a.

Ki faɗa wa Inna yanzu. In ta ce in yafe, ki ce mata na ji, amma ba bana ba.

Wassalam, ƙanwarki,
Hannatu