Tsummana Ne Ya Haɗa Sautin

Goggo, don Allah ki agaza min. Wata magana ce ta tsaya min a maƙogwaro sati uku ke nan, ta ƙi haɗiyuwa ta ƙi fitowa.

Maigidana sana'arsa haɗa sauti a kwamfuta, na tallace-tallacen rediyo. Yana da wata manhaja da ɗan ƙaramin piyano mai maɓallai takwas da ake murɗawa kamar na murhun gas. Wannan ya kaurara sauti, wancan ya sirantar da shi, wani ya sa ya shigo a hankali, wani ya ja masa jela. Duk na haddace, don shekara shida ina shan wannan karatu ko ban tambaya ba. Doka ɗaya ya kafa min: kada hannuna ya taɓa teburinsa.

Wani kamfanin sabulu ya nemi sauti mai kama da kumfa. Kwana goma bawan Allah yana murɗe-murɗe, yau ya fito kamar kukan kwaɗo, gobe kamar tsohuwar ƙofa. Ran nan ya kai mota gareji, ya bar kwamfutar a kunne. Na leƙa na ga ƙura har ana iya rubuta suna a kanta, ni kuwa ba na ga maciji da ƙura. Na ɗauko tsumma na bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya. Na dai ga wasu layuka suna rawa a fuskar kwamfutar, na ce ina ruwana.

Da ya dawo ya danna piyanon, sai ga wani sauti mai laushi yana tasowa yana fashewa. Ihun da ya yi har maƙwabciyata ta leƙo. Ya ɗan gyaggyara ya aika, kamfanin suka yi ta yabo.

To ga inda gizo ke saƙa: ya kasa tuna lokacin da ya murɗa su haka. Da farko yana ta fahariya, yanzu tsoro ya kama shi, wai mantuwa ce ta fara masa kamar yadda ta fara wa mahaifinsa. Komai sai ya rubuta a takarda, har inda ya ajiye makulli. Ya yanki kati, Talata zai ga likita. A da dariya nake a ɓoye, yanzu tausayinsa ya cika ni. In na faɗa, na tona kaina kuma na ƙwace masa abin alfaharinsa. In na yi shiru, kullum ramewa yake. Ya zan yi?

Taki, Mai Tsumma

'Yata Mai Tsumma, sannu da aikin injiniya. Wasu sai sun yi shekaru suna koyo, ke da tsohon zane kika gama.

Ki faɗa masa kafin Talata. Fahariyar da kike tattalawa ai ta riga ta gudu, mutum yana zargin ƙwaƙwalwarsa ina zai ji daɗin yabo? Fushin doka kwana biyu ne, wannan tsoro kuwa cinsa yake.

Amma ki san yadda za ki jera maganar. Tsumma ya murɗa, gaskiya ne, sai dai tsumma bai san kumfa ba. Da ni ce na danna piyanon nan, cewa zan yi na'urar ta lalace. Kunnensa ne ya gane alheri, hannunsa ya ƙarasa, wannan nasa ne halak malak. Ki fara da wannan, sannan ki ba da haƙuri, don dokarsa ba ta banza ba ce: da wani aikin da ya gama kika goge, da yanzu wata wasiƙar kike rubuto min.

Shi ma yana da laifi. Mai hana shara ya kamata ya riƙa yi da kansa, ya adana aikinsa ya rufe kwamfuta kafin ya fita.

Idan bayan haka yana son ganin likita don hankalinsa ya kwanta, ki raka shi. Ki bar tsumman a gida.

Allah Ya ƙara danƙon ƙauna, Ya ba sirikinki sauƙi.

Goggonku