Bokitan Toktosun-ata

Litinin, 8 ga Janairu

Tumaki talatin na duba yau, yatsuna kamar ba nawa ba saboda sanyi. Na dawo na tarar mai masaukina Toktosun-ata ("ata" a yarensu baba ne) ya jiɗo ruwa sawu uku daga famfon bakin titi. Shekara saba'in da shida, gwiwa ta mutu, hanya kuma duk ƙanƙara. Na miƙa hannu zan karɓi bokiti, ya janye. "Zauna, Dokta. Baƙo ba ya aiki a gidana." Wata goma sha huɗu ina kwana a ɗakin ɗansa da ke aiki a Rasha, har yau ni baƙo ne. Na gaji da wannan girma.

Alhamis, 11 ga Janairu

Shayi, gurasa, shayi. Tsohon ya zame a ƙofar gida, ya ce wai takalmin ne.

Asabar, 13 ga Janairu

Na yi wayo. Tun da asuba na sulale da bokitai, na cika randa kafin ya idar da salla. Ashe Burul mai kanti tana leƙe ta taga. Matar nan da ana sayar da surutu da tuni ta sayi mota.

Lahadi, 14 ga Janairu

Magana ta zaga gari. A kanti, a gabana, ta ce masa, "Ata, ashe lebura aka aiko maka daga Afirka? Mu ma a ba mu aronsa." Aka yi dariya. Ya ajiye sukarin da ya ɗauka ya fita. Da yamma ya zuba mini shayi da hannu biyu, kamar ranar da na fara zuwa. Da ma mari ya ɗauke ni da shi. Na zo aikin sa-kai ne don in taimaka, ga shi na kunyata tsoho a garinsu.

Juma'a, 19 ga Janairu

Kwana biyar ba hira. Bokitan ma ya kai su ɗakinsa ya ɓoye. Na kira ofishinmu na ce su nema mini ɗaki a asibitin dabbobi. In na bar gidan, aƙalla ruwan mutum ɗaya zai riƙa ɗauka. Haka dai na gaya wa kaina.

Talata, 23 ga Janairu

Ya faɗi. Ina hanyar fita aiki na hango shi zaune a ƙanƙara kusa da famfo, ruwa ya jiƙe masa wando, ya riƙe wuyan hannu. Burul da mata uku suna wurin. Na rugo, sai kuma na tsaya cak, don ban san ko taɓa bokitin zai ƙara masa kunya ba. Ya ɗago ya kalle ni, ya kalle su. Sai ya daka mini tsawar da ban san yana da ita ba.

"Kai, ragon banza! Shekara guda kana cin gurasata, ka tsaya kana kallona kamar tunkiya? Ɗauki, ka cika, ka wuce gida! Yaran zamani!"

 Ba a yi wa baƙo tsawa, sai ɗan gida. Kowa a wurin ya san haka, har Burul.

Hannun targaɗe ne, na ɗaure masa.

Litinin, 29 ga Janairu

Ruwa sawu huɗu. Fasa kwal, kwashe toka, kashin tumaki. An sauke ni daga saman shimfiɗa, mazaunin baƙi, yanzu bakin ƙofa nake zama inda iska ke shigowa, ni ke zuba shayi, kuma wai ban iya ba. Hannuna duk ya tsage. Ban taɓa gajiya irin ta makon nan ba.

Ofis sun kira, ɗaki ya samu. Na ce su ɗan dakata, hannun tsohon bai warke ba. Suka ce yaushe zai warke? Na ce irin wannan targaɗen yana daɗewa.